Ƙafar Hagun Deraman

Ranar Lahadi da safe, ranar da ofisoshin jiharmu ke buɗewa bayan hutun Juma'a da Asabar, aka buga waya caji ofis na garinmu Kuala Tebing cewa an yi sata a ofishin masu ɗaurin talala. Abin da aka sace bai kai girman akwatin ashana biyu ba. Sufeto Baharom ya ajiye shayinsa bai sha rabi ba, ya ɗauki hula.

Wadda ta buga wayar akawun ofishin ce, Norlela. Tana tsaye gaban kabad ɗin ajiye shaidu, ƙofarsa a buɗe, kwaɗon lafiya lau.

"Me ya ɓata?"

"Munduwa mai lamba goma sha bakwai, Tuan Sufeto," in ji ta, da Tuan ɗin da muke ce wa manya don girmamawa.

A takardun gwamnati munduwa ake ce mata. Masu ɗaukar ta a idon sawu kuwa mari suke kiran ta. Na'ura ce da ake ɗaura wa fursunan da aka yarda ya ƙarasa wa'adinsa a gida: in ya ƙetare iyakar da aka sa masa, ko ya taɓa maɗaurin, sai ta aika saƙo cibiyar sa ido a babban birni.

Norlela ta yi masa bayani a gurguje. Gwamnati za ta ba da kwangilar munduwa dubu uku. Kamfanin da ke gaba an ba shi wata uku ya yi gwaji da mutum talatin a nan garin, kuma ranar Alhamis za a sa hannu. Mutum ashirin da tara ba a ji ko tarinsu ba. Na talatin ɗin, wani masunci mai suna Deraman da aka ɗaure kan fasa-ƙwaurin man dizal, tasa munduwar ta kai ƙararsa sau ɗari da arba'in da uku cewa yana ƙoƙarin ɓalle ta. An cire ta, an mayar da shi kurkuku. Ranar Laraba alƙali zai yanke ko ya ƙarasa shekara huɗun da suka rage masa a ciki, kuma lauyarsa ta nemi a kawo munduwar kotu a buɗe cikinta.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Tuan Haji. Nawa bai taɓa barin jikina ba."

Ta faɗi haka da sauri fiye da yadda aka tambaye ta. Baharom ya rubuta.

Haji Wan Mokhtar, shugaban ofishin, saura masa wata biyu ya yi ritaya. Mutum ne mai tattausar murya da tabon sujada, irin wanda ake ba limanci tun bai nema ba. Ya tarbi Sufeto da fara'a, sai dai bai ɓoye cewa bai ji daɗin kiran 'yan sanda ba tare da an jira isowarsa ba.

"Yarinya ce, ta firgita. Ƙila ma abin ya faɗa bayan kabad ne."

"Mun ja kabad ɗin, Tuan Haji. Ƙura ce kawai da wata tsohuwar kalanda. Ina makullinka?"

Ya ce nasa ya ɓata tun kafin azumi, bai samu sukunin yanko wani ba. Sannan ya sassauta murya ya ce ba ya son zargi, amma matar Deraman ta zo ofishin ranar Alhamis da yamma. Ba wanda ɓatan munduwar zai amfana sai wanda take shaida a kansa.

"Na'ura ba ta ƙarya, Sufeto. Ba ta da dangi, ba ta cin hanci. Shi ya sa muke son ta."

Wannan maganar an daɗe ana yin ta a garinmu. An yi ta a kan sikelin masu sayen kifi, kafin a gano ƙarfen da aka manna a ƙarƙashinsa.

A bangon ofishin akwai hoton jarida cikin gilashi: Haji yana murmushi, ya ɗage ƙafar wandonsa, munduwa a idon sawunsa. Rubutun ƙasa ya ce shugaban ya ɗaura wa kansa na'urar tsawon mako guda kafin a fara gwaji, don ya ji abin da masu ɗaukar ta za su ji. Baharom ya yaba da hoton.

Da zai fita ya tsaya a baranda. Kejin kurciyar Haji na rataye a ƙugiyarsa, kurciyar da ta ci kofi biyu a gasar kuka ta gunduma. Ƙarfe goma ta wuce, rana ta yi kyau, amma kejin yana lulluɓe da mayafinsa.

"Ba ta da lafiya ne?"

"Mura take yi," in ji Haji.

Daga cikin mayafin tsuntsuwar ta saki kuka mai tsawo, tas, ba ko sarƙewa.

Mai gadin ƙofa tsohon soja ne mai son magana. Ya nuna wa Baharom ƙofar da kowa ke bi, wadda aka kafa tun farkon gwaji: duk munduwar da ta gifta ta sai ta yi ƙara, ko a aljihu take ko a jaka. Ranar Alhamis ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ya buɗe littafin baƙi ya nuna sunan matar Deraman, ta shiga uku da rabi, ta fita huɗu saura kwata.

"Norlela fa?"

"Ita ai tun ƙarfe uku ta fita. Tuan Haji da kansa ya ce in buɗe mata."

"Shi kuma ya bi ta ƙofar nan?"

"Kullum nan yake bi. Shi da babu girman kai? Tsuntsuwar kawai nake karɓa in zagaya da ita ta gefe, don ƙarar na'ura tana ɓata mata murya. Duk Alhamis yake kai ta gida, ya dawo da ita Lahadi."

Baharom ya koma ciki ya sami Norlela. Bai ɗaga murya ba, ya dai karanta mata sa'ar da ke cikin littafin mai gadi. Ta zauna. Mahaifiyarta ake wa wankin ƙoda duk Alhamis, kuma shekara biyu tana roƙon a bar ta ta riƙa fita da wuri, Haji yana cewa doka ba ta yarda ba. Wannan Alhamis ɗin shi ya zo teburinta ya ce ta tafi, uwa ai ba wasa ba ce. Makullin ta bar shi a aljihun tebur, inda kowa ya san tana ajiye shi.

"Shi ya sa kika kira mu kafin ya iso?"

"Na san a kaina za a sauke, Tuan Sufeto."

Washegari da hantsi Baharom ya tafi unguwar masunta. Gidan Deraman na katako ne a kan turaku, a ƙarƙashinsa matarsa Jah tana shanya yankakken ƙullin kifi a kan faranti. Ta kai sittin, kuma ba ta tashi don ta ga kaki ba.

"Mak Cik," ya kira ta, wato inna, "kin je ofishin ranar Alhamis?"

"Ban je ba."

"Sunanki na cikin littafi."

"To tunda ka sani, tambayar ta mece ce? Ko motsa baki aka ce ku riƙa yi da safe?"

Da ƙyar ta faɗi gaskiya. Ta je roƙo ne, ta kai wa Haji ledar soyayyen ƙullin kifi, daga baya maƙwabciya ta ce mata wannan cin hanci ne, ana ɗaure mutum a kansa. Haji bai ma karɓa ba. Ya ce ta yi haƙuri, abin ya fi ƙarfinsa, na'ura ce ta yi magana.

"Mijinki ya taɓa ƙoƙarin cire ta?"

"Ya cire ya je ina? Mutumin da in ya wuce masallacin unguwa sai ya waiwaya? Wata guda ba su bar shi ya idar da salla cikin natsuwa ba. Yana zama, wayar nan ta fara kuka. In ɗauka, wata yarinya daga birni ta ce min, a gaya wa mai lamba goma sha bakwai ya daina taɓa maɗauri. In ce mata salla yake yi. Ta ce, an rubuta uzurinki. Kullum an rubuta."

Baharom ya nemi wayar. Tsohuwa ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Ya buɗe jerin kira ya tsuguna a inuwa yana kwafa. Shida da minti biyar na safe. Ɗaya da rabi. Biyar saura kwata. Bakwai da minti ashirin da biyar. Tara saura kwata. Washegari haka, jibi haka, sai dai duk bayan 'yan kwanaki sa'o'in kan gusa da minti ɗaya, kamar yadda suke gusawa a jadawalin da ke manne a bangon kowane masallaci.

Takardar da aka kai wa alƙali kuwa, wadda Haji ya sa wa hannu, adadi kawai ta ɗauka: ɗari da arba'in da uku. Babu sa'a ko ɗaya a cikinta.

"Mak Cik, a wace ƙafa aka ɗaura masa?"

"Hagu mana. Ta dama gyambo gare ta tun da kifin nan mai ƙaya a wutsiya ya soke shi. Shekara tara bai rufe ba."

Ma'aikacin kamfanin da ke ɗaura munduwar sunansa Selvarajoo, kowa na ce masa Selva. Kamfani ya kama masa ɗaki a saman wani shagon gyaran babura. Da Sufeto ya tambaye shi ko ya taɓa duba sa'o'in da munduwar ke kai ƙara, ya ce shi aikinsa ɗauri da caji ne kawai, sa'o'i na cibiya ne.

"Sauran ashirin da taran, a wace ƙafa?"

"Dama."

"Duka?"

"Duka."

"Littafin kamfaninku haka ya ce?"

Selva ya shafa gashin bakinsa. Littafin cewa ya yi kowace ƙafa. Tuan Haji ne ya kira shi ranar farko ya ce a al'adarsu da dama ake fara komai, kada ya ɗaura wa Musulmi abu a hagu, mutane za su ji ba daɗi. Shi kuwa ba addininsa ba ne, wa zai yi wa gardama? Ranar da aka kawo Deraman, Haji yana taro a birni, shi Selva ya ga ƙafar dama ba ta ɗauruwa, sai ya ɗaura a hagu.

"Ka ce ba ka duba sa'o'i. Wata guda abu yana kuka sau biyar a rana, kai da ka yi karatun injiniya ba ka leƙa ba?"

Ya leƙa. Ya ga abin yana bin sa'a kamar jirgin ƙasa, bai gane dalili ba, ya rubuta wa Haji takarda. Haji ya ce mai laifi ma yana da lokutansa. Ya rubuta wa kamfani, aka ce masa saura kwana kaɗan a sa hannu, ya kama bakinsa in yana son aikinsa.

"Kana da wata munduwar a nan?"

"Akwai ta nuni."

"Ɗaura min. A hagu. Lambar wayata za ka ba cibiya."

Biyar saura ashirin suka isa ofishin. Mai gadi ya kashe ƙofar na minti ɗaya da umarnin Sufeto, ya kunna bayan sun wuce. Ma'aikata suna alwala, Baharom ya bi sahu. Ya ajiye wayarsa a kan taga, Selva ya tsaya a waje da kwamfutarsa. Haji ya shiga gaba kamar kullum.

Raka'a biyun farko ba abin da ya faru. Da aka zauna tahiya, Baharom ya kwantar da ƙafar hagu ya zauna a kanta, ya kafe ta dama, kamar yadda aka koya masa tun yana ɗan shekara bakwai. Ya ji maɗaurin ya danne tsakanin ƙashinsa da darduma. Munduwar ta yi rawa a jikinsa. Kafin liman ya miƙe, wayar da ke kan taga ta fara kuka.

Kabbarar da Haji ya yi ta tashi zuwa raka'a ta uku da ƙyar aka ji ta.

Bayan sallama mutane suka watse suna hararar mai wayar. Haji bai juyo ba. Baharom ya matsa kusa da shi, ya ɗage ƙafar wandonsa.

"A hoton da ke bangonka, Tuan Haji, ƙafar hagu ka ɗaga wa 'yan jarida. Mako guda ka yi da ita. Salla talatin da biyar. Sau nawa aka kira ka?"

Haji ya ɗauki carbinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta dawo daidai.

"Ka nuna na'urar tana da aibi. Madalla, za mu rubuta wa kamfani. Amma sata aka kira ka ka bincika, Sufeto, kuma ba ka nuna ɓarawo ba."

"Gaskiyarka. Zo ka raka ni ƙofa. Ka ɗauko tsuntsuwar, ta sha iska. Kwana biyu tana cikin duhu."

Ma'aikata sun fito baranda. Haji ya sauke kejin da kansa, ya rungume shi. A bakin ƙofa mai gadi ya miƙo hannu zai karɓa kamar yadda ya saba.

"Bar shi," in ji Baharom. "Yau tare za su wuce."

"Za ta ɓata mata murya," in ji Haji a hankali.

"Sau ɗaya ne."

Haji ya tsaya taku guda kafin ƙofar. Ya dubi Norlela, ya dubi Selva, ya dubi mai gadin da har yanzu hannunsa ke miƙe. Sannan ya taka. Ƙofar ta saki ƙara, tsuntsuwar ta hau bugun kejin da fukafukai.

Ƙarƙashin farantin da ke tare kashin tsuntsuwar aka sami munduwa mai lamba goma sha bakwai, cikin ledarta, hatiminta bai karye ba.

A ofishinsa Haji ya yi bayani, Baharom yana rubutawa. Bai yi niyyar lalata ta ba. So yake ta ɓace zuwa ranar Alhamis kawai, in an sa hannu sai a tsince ta a bayan kabad. Ya dawo da ita ranar Lahadi don ya cusa ta wani lungu, ya tarar da 'yan sanda sun riga shi, kuma fitar da keji a ranar da ba Alhamis ba zai jawo ido. Tun daren farko da ya ɗaura ta ya san aibinta. Ya gaya wa kamfanin, suka ce gyaran maɗauri zai ci wata takwas, kuma in maganar ta fita za a soke komai a sake neman kwangila daga tushe.

"Ka san shekara nawa na yi ina bin wannan shirin? Shida. Akwai mutum sama da ɗari huɗu a kurkukun jihar nan da suka cancanci komawa gida, munduwa kawai suke jira. In aka soke, sai su ƙara shekara biyu. Na auna mutum ɗaya da ɗari huɗu."

"Kujerar mai ba da shawara da kamfanin ya ajiye maka bayan ritaya, a wane ɓangaren sikelin ka sa ta?"

Selva ne ya gaya wa Baharom wannan a mota. Haji ya sunkuyar da kai.

"Dubu uku za a saya," in ji Baharom. "A sauran jihohi wa zai ce a ɗaura a dama? Rabinsu a hagu za a ɗaura. Duk mai salla a cikinsu zai koma inda Deraman yake."

"Na yi niyyar sa ƙa'idar dama a cikin takardar umarni."

"Da sunan addini."

Haji ya juya carbinsa. Can ya ce Deraman da bakinsa ya gaya masa, ranar da aka zo tafiya da shi: Tuan Haji, kai ma mai salla ne, ka san yadda ake zama. Ya ce tun ranar bai sake zaman tahiya bai ji muryar mutumin ba.

Ba a sa masa ankwa ba. Ya roƙi Norlela ta cire wa tsuntsuwar mayafi ta canja mata ruwa, ta ce to ba tare da ta dube shi ba. Kurata biyu suka sa shi tsakiya zuwa mota.

Baharom ya sa Selva ya kwance masa munduwar nuni, ya koma masallacin ofis ya sake la'asar ɗinsa shi kaɗai, don bai yarda ta farkon salla ce ya yi ba. Daga nan ya kai mai lamba goma sha bakwai wurin magatakardan kotu da hannunsa, tare da jerin sa'o'in da ya kwafa da jadawalin salla na watan, ya tsaya har aka rubuta masa shaidar karɓa. Lauyar Deraman ta duba takardun biyu gefe da gefe, ta ce in alƙali ya iya karanta agogo, mutuminta a gida zai kwana ranar Laraba.

A bakin kotu ya ciro waya ya nemo lambar Mak Cik Jah. Sai ladanin babban masallaci ya fara kiran magariba. Ya dubi wayar, ya mayar da ita aljihu, ya jingina da mota. Ya ba ta minti ashirin cif, har ya tabbata ta yi sallama, sannan ya kira.